Shin Cin Abinci Cin Amanar Mamaci Ne?

 Abin da ya jawo maganarmu ta wannan mako wani abu ne da ya faru a unguwarmu. Wani maƙwabcina ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa, ya bar mace ɗaya da 'ya'ya biyar, ƙaraminsu yana goye. Kwana tara bayan an kai shi makwancinsa, maiɗakina ta shiga gaisuwa, ta komo ranta a ɓace, ta ce mini, "Malam, matar nan fa ba ta cin kome. Yadda aka kai mata kwano haka ake ɗauko shi." Da aka matsa mata da lallashi, abin da ta iya faɗa shi ne, yaya za ta sa tuwo a bakinta alhali maigidan yana kwance cikin ƙasa? Abin da ya fi damuna kuwa shi ne wasu tsofaffi da ke zaune tare da ita suna yaba mata, suna cewa yau ga mace mai son mijinta.

Wannan tambaya da baiwar Allah ta yi ba ta cancanci dariya ba, kuma duk malamin da ya amsa ta da tsawa bai fahimce ta ba. A zaman auren Bahaushe abinci ba ƙaramin abu ba ne. Miji ya yi cefane, mace ta dafa, har rabon kwana tsakanin kishiyoyi da sunan girki muke kiransa. Matar da ta yi shekara ashirin tana tuƙa tuwo domin mutum ɗaya, ta san yawan gishirin da yake so, ta san kwanonsa da lokacin da yake sallama a ƙofar gida, ranar da aka ce ba shi, ai tukunyar nan da kanta ta zama mai yi mata tuni. Kowace loma sai ta zame mata kamar yarda ce ta yi cewa duniya za ta ci gaba ba tare da shi ba. Saboda haka tambayar ta gaskiya ce: wanda ya ci ya ƙoshi bayan rasuwar abokin zamansa, ya ci amanarsa ko bai ci ba?

Kafin amsa, wajibi ne a raba mutum biyu. Akwai wanda ya kasa ci, akwai kuma wanda ya ƙi ci. Na farko, baƙin ciki ne ya shaƙe masa maƙogwaro, yana son ya haɗiye abin ya ƙi wucewa. Wannan ba shi da laifi ko kaɗan, majinyaci ne, jinya yake bukata. Musulunci bai taɓa zargin mutum a kan zafin da zuciyarsa ke ji ba. Suratu Yusuf ta ba mu labarin Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har idanunsa suka yi fari, kuma ba a ambaci haka a matsayin aibi gare shi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu a shekara ta 10 bayan Hijira, ya kuma bayyana wa Abdurrahman ɗan Aufu cewa wannan hawaye rahama ce.

Maganarmu da na biyun take, watau wanda ya ɗauki yunwa ya maishe ta alamar biyayya ga mamaci, ko don tsoron bakin mutane kada a ce mutuwar ko a jikinsa, ko kuwa don yana hukunta kansa a kan wata gazawa da yake ganin ya yi wa marigayin lokacin jinya. Sai mu tambaye shi, wannan jiki da kake azabtarwa na wane ne? Ba na mamacin ba ne, balle a ce a bi shi da shi kabari. Kai ma ba naka ba ne, ajiya ce Allah Ya ba ka, kuma mai ajiya ba shi da ikon lalata abin da aka ba shi don ransa ya ɓaci. Sa'an nan wace riba mamacin ya samu? Yunwar mai rai ba ta isa kabari. Abin da ke isa mun san shi: addu'a, da sadaka, da biyan bashin da ya bari. A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira an lissafa abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, ɗaya daga cikinsu shi ne ɗa nagari mai yi wa mahaifinsa addu'a. To, wa zai reni yaron nan har ya zama nagari, in uwarsa ta kwanta ciwo?

Wani zai ce ai wahala don Allah ibada ce. Ba kowace wahala ba. Buhari ya ruwaito cewa wata rana Manzon Allah yana huɗuba sai ya ga wani mutum tsaye cikin rana, ana kiransa Abu Isra'ila. Aka gaya masa cewa bakance ya yi zai tsaya, ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Sai ya yi umurni a ce masa ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, amma ya cika azuminsa. Ku dubi yadda aka tace abin: azumi ibada ce da Shari'a ta sani, aka bar masa, sauran kuwa azabtar da kai ne kurum, aka zubar. Shi kansa azumin yana da sahur yana da buɗa baki, kuma an hana sahabbai saje, watau haɗa kwana biyu ba a sha ruwa ba. Don haka mai takabar da ke fakewa da cewa azumi take yi, alhali rana ta faɗi ba ta kurɓi kome ba, ba ta sami mafaka a nan ba.

Bari mu dubi takabar kanta, domin yawancin ruɗanin daga rashin sanin iyakarta yake. Suratul Baƙara, aya ta 234, ta ajiye wa matar da mijinta ya rasu zaman wata huɗu da kwana goma, kimanin kwana 130 ke nan. Mai ciki kuwa sai ta haihu, kamar yadda aka yi wa Subai'atul Aslamiyya fatawa sa'ad da ta haihu jim kaɗan bayan rasuwar mijinta Sa'adu ɗan Haula. Abin da take yi cikin wannan zama malamai suna kiransa ihdadi, asalin kalmar kuwa a Larabci daga hani take. Me aka hana ta? Ado: tufafin ƙawa, da kwalli, da lalle, da turare, da kayan ƙarau na zinariya da azurfa, sai kuma kwana a wani gida ba na mijinta ba, da ɗaura sabon aure. Iyakar abin ke nan. Na karanta babin nan a Risala da Muwaɗɗa, na kuma karantar da shi ba sau ɗaya ba, ban taɓa cin karo da inda aka ce ta rage cin abinci ba, ko ta bar nama, ko ta daina wanka. Hasali ma Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Ummu Salama, Allah Ya yarda da ita, ta ce mai takaba tana gyara kanta da ganyen magarya da mai. Kuma a mazhabarmu tana iya fita da rana domin bukatarta, wanda zuwa asibiti yana cikin manyan bukatu.

Ƙuntatawar da muke gani a wasu garuruwanmu, cewa ba ta wanka sai ranar Juma'a, ba ta canja zane, ba ta tsefe kai, sai ta riƙe wuƙa duk inda za ta, ba daga littafi aka samo ta ba. Ta ma fi kama da abin da Musulunci ya zo ya rushe. Zainab 'yar Abu Salama ta ba da labarin yadda Larabawan Jahiliyya suke yi: in mijin mace ya mutu, sai ta shige wani ɗan ƙuntataccen ɗaki, ta sa mafi munin tufafinta, ba ta taɓa turare ko wani abu, har shekara guda cur, sa'an nan ta fito a ba ta kashin raƙumi ta yi jifa da shi. Shari'a ta rage shekarar zuwa kwana 130, ta ɗauke ƙazanta da wulaƙanci, ta bar natsuwa da mutunci. Mu kuma sai muka bi ta bayan gida muna maido da abin da aka fitar.

Akwai wata aya da nake so kowane mai baƙin ciki ya yi tunani a kanta. A cikin Suratu Maryam, daga aya ta 23 zuwa ta 26, an nuna mana Nana Maryamu a gindin dabino, naƙuda ta kama ta, ita kaɗai, damuwa ta kai mata har tana burin da ma ta mutu kafin wannan rana. Me aka ce mata? Ba a yi mata doguwar huɗuba ba. An ce kada ta yi baƙin ciki, aka nuna mata ruwa yana gudana a ƙarƙashinta, aka ce ta girgiza kututturen dabinon nunannu su zubo, ta ci, ta sha, hankalinta ya kwanta. Ci da sha aka fara ambata, sa'an nan sanyin ido ya biyo baya. Mahaliccin ɗan Adam ne Ya jera su haka, Shi kuwa Ya fi kowa sanin yadda rai da gangar jiki suke ɗaure da juna.

Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta riƙi wannan a aikace. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa in an yi rasuwa cikin danginta, mata sun taru sun watse, ya rage daga iyali sai na jiki, takan sa a ɗora tukunyar talbina, a marmasa gurasa a kwarara talbinar a kai, ta ce su ci, domin ta ji Manzon Allah yana bayyana cewa talbina tana hutar da zuciyar majinyaci, tana kuma tafiya da wani sashe na baƙin ciki. Talbina wani kunu ne da ake damawa da garin sha'ir ko dusarsa, wani lokaci a sa zuma. Sunan daga kalmar laban yake, watau nono, saboda fari da laushin da ya yi kama da shi. Abu biyu nake so a lura da su. Na ɗaya, lokacin da take yin haka: bayan baƙi sun watse, sa'ad da gida ya yi tsit, wanda shi ne lokacin da maraici ke fara cizo. Na biyu, an ce wani sashe na baƙin cikin, ba a ce dukansa ba. Kunu ba ya maido da miji, amma yana ba jiki ƙarfin ɗaukar rashin. Wanda bai sami sha'ir ba kada ya damu. Abin nufi shi ne abu mai ɗumi, mai ruwa-ruwa, mai sauƙin haɗiya, kuma muna da kunun gyaɗa da kunun tsamiya da koko da fura da nono da faten wake.

Likitoci ma sun ga abin da idonsu. A shekarar 1969 Dakta Colin Murray Parkes da abokan aikinsa a Ingila sun buga sakamakon bin diddigin maza 4,486 masu shekara 55 zuwa sama waɗanda matansu suka rasu. Cikin wata shida na farko 213 daga cikinsu suka mutu, abin da ya ɗara na tsararrakinsu masu mata da kashi 40 cikin 100, kuma ciwon zuciya ne ya fi yawa a cikin sanadin. A shekarar 1990 kuma likitocin Japan suka siffanta wani ciwo da suka kira takotsubo, inda firgici ko mummunan labari ke raunana tsokar zuciya farat ɗaya, mutum ya ji ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi kamar mai bugun zuciya. Ya fi kama mata waɗanda suka manyanta. Ajali dai na Allah ne, babu mai ja. Amma wannan yana nuna mana cewa jikin mai baƙin ciki ya riga ya raunana tun kafin a ƙara masa yunwa. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura ba ta cin abinci, sukarin na iya faɗuwa ta suma. Mai hawan jini da ta watsar da maganinta cikin hidimar zaman makoki tana wasa da shanyewar ɓarin jiki. Mai shayarwa da ba ta ci ba ta sha, musamman da bazara, ba ita kaɗai take cutarwa ba, har da marayan da ke bayanta.

Na ambaci maza da gangan. Namiji ba shi da takaba, don haka sai mu ɗauka ba shi da damuwa. Kwana uku ya yi yawa an ga ya fita kasuwa, kowa ya ce madalla da haƙurinsa. Alhali dattijon da tun yana saurayi bai taɓa hura wuta ba, matar da ke sa masa ido a kan abinci da magani ta tafi, kunya kuma ta hana shi gaya wa surukarsa ko 'yarsa cewa bai ci ba, sai ka same shi ya wuni a kan goro da shayi. 'Ya'ya, ku binciki iyayenku maza, kada ku tsaya ga "lafiya lau" da suke amsa muku.

To, nauyin ciyar da mai baƙin ciki a kan wa yake? A nan ne laifin ya bar kan mai takaba ya komo kanmu. A shekara ta 8 bayan Hijira Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, a ƙasar Jodan ta yau. Masu tarihi sun ce ranar matarsa Asma'u 'yar Umaisu ta kwaɓa ƙullunta, ta wanke 'ya'yanta ta shafa musu mai, sai ga Manzon Allah ya shigo ya rungumi yaran idanunsa suna zubar da hawaye. Da ya koma gida sai ya umurci iyalinsa su dafa wa iyalin Ja'afar abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito wannan umurni. Sunna ke nan: abinci ya fito daga gidajen maƙwabta ya shiga gidan mutuwa. Mu kuwa a wurare da yawa mun juya abin. Gidan mutuwa shi ke ɗora manyan tukwane, ana ɗibar hatsin marayu ana ciyar da masu zaman makoki, a yi na uku, a yi na bakwai, a yi na arba'in, kowa ya ci ya share baki, ita kuwa wadda aka yi wa mutuwar tana ƙuryar ɗaki ba wanda ya tambaya ko ta karya. Sahabi Jarir ɗan Abdullahi ya ce su a zamaninsu suna lissafa taruwa a gidan mamaci da dafa abinci bayan binnewa cikin kukan mutuwa da aka hana.

Ga kuma wata mas'ala da mutane da yawa ba su sani ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risalar Ibnu Abi Zaid, mai takaba ba ta da haƙƙin ciyarwa daga dukiyar mamaci. Abin da take da shi wurin zama ne, in gidan nasa ne ko ya riga ya biya haya. Abincinta daga rabonta na gado yake, tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, in kuma su biyu ne ko uku ko huɗu su raba wannan kason a tsakaninsu. To, mun san yadda rabon gado ke jan ƙafa a wurinmu, wani sai a shekara ba a taɓa shi ba. Mace tana zaune a ɗaki, ba ta fita sana'a yadda ta saba, mai cefane ya tafi, gado ba a raba ba, baƙi sun ɗauke ƙafa tun ranar bakwai. Sau da yawa abin da muke kira ƙin cin abinci, in an bincika, babu ne. Ɗan abin da ya samu ta tura wa yara, kunya ta hana ta faɗa. Wanda ke riƙe da dukiyar mamaci ya ji tsoron Allah ya gaggauta, dangi da maƙwabta kuma su sani cewa bukatar ba ta ƙare da watsewar 'yan gaisuwa ba, a lokacin ma take farawa.

Yadda ake ciyarwar ma yana da hikima. Ba aika yaro da kwano a dire a bakin ƙofa ba ne. Sa'ad da Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i ya tarar ya ƙuntata wa kansa da azumi da tsayuwar dare, da aka kawo abinci sai ya ce shi ba zai ci ba sai mai gidan ya ci, dole Abud Darda'i ya sa hannu. Daga baya ya tuna masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da haƙƙi, Manzon Allah kuma ya gaskata Salmanu. Mai baƙin ciki ba ya iya ci shi kaɗai, amma yakan ji nauyin wanda ya zauna gabansa ya ƙi sa hannu sai ya sa. A kawo kaɗan kaɗan, sau da yawa, kada a cika kwano har ya ba da tsoro. A ajiye ruwa kusa da ita. A tuna mata da magani a kan lokaci. A bar ta ta fito tsakar gida ta sha iska, ta yi barci in ya zo, kada a hana ta da yawan surutu. In kuwa makonni suka shuɗe tana ramewa, ba ci ba barci, ko aka ji tana cewa gara ta bi shi, to, a kai ta ga likita ba tare da jinkiri ba. Takaba ba ta hana wannan.

Wanda yake son ya nuna bai manta da abokin zamansa ba, ga hanyar da mafificin halitta ya bi. Nana Hadija ta rasu a shekara ta 10 bayan aiko shi, bai kuwa gushe yana ambatonta ba har A'isha ta ce ba ta taɓa kishin wata mace kamar yadda ta yi kishinta ba, alhali ba ta taɓa zama da ita ba. Yakan yanka akuya ya yayyanka naman ya aika wa ƙawayen Hadija. Da ciyarwa ya riƙa tunawa da ita.

Wannan labari na ƙarshe shi na ba maiɗakina ta tafi da shi, tare da kwanon kunun gyaɗa da ludayi biyu. Ta ce mini ta zauna kusa da ita ta ce, "Yaya, ni ma ban karya ba, kuma ba zan sha ba sai kin sha." Sun daɗe shiru, matar tana kuka. Can ta ɗauki ludayin ta sha uku, ta ajiye. Kashegari ta sha rabin kwano, ta kuma tambaya ko akwai wanda zai sayo mata gero, tana so a dama kunu a kai masallacin da marigayin ke salla ranar Juma'a. Matan unguwa sun raba kwanakin a tsakaninsu, kowace da ranar da za ta shiga da kwanonta, har ta fita takaba.